Ƙasar da «babu» marasa aikin yi

Duk wanda ya buɗe kundin alƙalumman Bankin Duniya yana bidar matsayin Nijar a fagen rashin aikin yi, zai ci karo da abin da zai sa ya murje idanunsa ya sake dubawa. Bisa ƙiyasin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, OIT, wanda bankin yake bugawa shekara da shekaru, marasa aikin yi a ƙasar nan ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na masu ƙarfin aiki ba. Jamus da Japan, duk da tarin masana'antunsu, ba su da wannan sa'a a yau. Da a ce takarda tana cika tumbi, da tuni Turawa sun fara jerin gwano a ƙofar ofisoshin jakadancin Nijar suna neman biza.

To amma wanda ya yi sammako ya je tashar Maraɗi, ko bakin kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako a Yamai, ya ga samari majiya ƙarfi tsaitsaye da amalanke da baro da igiyar dako, mutum goma na rububin buhu ɗaya, ya san akwai wata magana a ƙasa. Wanda ya ratsa unguwa bayan sallar isha'i ya ga fada na bin fada, ana ta jujjuya shayi har na uku ya salance, cikin mazauna tabarmar har da masu lisansi da masu mastar, shi ma ba ya bukatar a karanta masa rahoto.

Abin takaicin shi ne, wannan alƙalami ba ƙarya ba ne. Mudun da aka yi awo da shi ne ba na kasuwar nan ba. Bisa ƙa'idar OIT, kafin a kira mutum marar aikin yi sai ya kasance bai yi aikin ko da awa ɗaya ba don samun kuɗi ko riba cikin makon da aka yi masa tambaya, kuma yana neman aiki da gaske, kuma a shirye yake ya kama in ya samu. Awa ɗaya tak! Saurayin da ya sauke wa maƙwabci bulo ranar Talata aka ba shi dala ɗari, a idon wannan lissafi ma'aikaci ne, daidai da darektan banki. Yarinyar da ta yi tallan gyaɗa ta komo da abin da bai isa sayen sabulu ba, ita ma ma'aikaciya ce. Shi kuwa wanda ya gaji da kai takardunsa biro-biro har ya fid da rai ya daina nema, ba a sa shi cikin marasa aiki. Ana share sunansa ne daga lissafin baki ɗaya, kamar yadda ake share dubban matan aure da ba a taɓa tambayarsu ko suna son sana'a ba.

An ƙera wannan mudu ne don ƙasashen da gwamnati ke biyan wanda ya rasa aiki wani abu kowane wata har ya samu madadi. A can mutum na iya zama gida wata shida yana jiran aikin da ya dace da karatunsa. A Nijar babu irin wannan asusu. Zaman gida hannu rabbana sai ɗan da mahaifinsa ke iya ciyar da shi. Talaka bai isa ya zama marar aikin yi ba, domin yunwa za ta fitar da shi titi tun kafin hantsi, ya kama duk abin da ya samu, ko ga-ruwa ne, ko wankin takalmi, ko riƙe wa wani babur ɗin kabu-kabu na rabin yini. Ashe wancan kashi ɗaya cikin ɗari da ake gani kamar abin alfahari, shaidar tsananin talauci ce.

Maƙwabciya Najeriya ta nuna wa duniya yadda wannan wasa yake. A ƙarshen shekarar 2020 hukumar ƙididdigarta ta ce kashi 33 cikin ɗari na masu ƙarfin aiki ba su da aikin yi, domin a lokacin sai wanda ya yi aikin awa 20 a mako ake ɗauka mai aiki. A 2023 ta koma kan ƙa'idar awa ɗaya, sai ga alƙalamin ya faɗo zuwa kashi 4 da ɗoriya. Ba a gina masana'anta ko ɗaya ba tsakanin tsohon lissafi da sabo da za ta iya haɗiye waɗannan miliyoyi. Mudu kawai aka sauya, kuma babu tukunyar da ta ƙara tafasa a Kano ko Sakkwato saboda haka.

Tambayar da ta dace da Nijar daban ce: kwana nawa mutum yake aiki cikin shekara, kuma nawa aikin yake kawo masa? Da zarar an yi ta, sai hoton ya juye. Mafi yawan ƴan ƙasa manoma ne da makiyaya, damina kuwa wata uku ce zuwa huɗu. Daga ɗaure damin ƙarshe a watan Oktoba har zuwa saukar ruwan shuka a watan Yuni, miliyoyin hannuwa ne ke zaune, in ban da ƴan tsirarun da ke da fadama ko garka. A birane, kusan mutum tara cikin goma na masu sana'a suna aiki ne ba takardar kwantaragi, ba rajista a asusun CNSS, ba fansho, ba ranar hutu. Mafi ƙarancin albashi da doka ta tanada ya zauna kan jika 30 da ƴan kai tun 2012, sai daga baya aka ɗaga shi zuwa jika 42. An yi abin kirki. Sai dai a tambayi mai gadi, ko ƴar aikin gida, ko yaron shago, ko waninsu ya taɓa ganin wannan doka da idonsa.

Ba yau ciwon ya fara ba, kuma rashin adalci ne a ɗora shi kan mulki ɗaya. A zamanin da kuɗin uraniyum ke kwarara, cikin shekarun 1970, gwamnati ce uwa kuma uba ga duk wanda ya yi lakkol. Ɗalibi yana kan benci an riga an san ma'aikatar da za ta karɓe shi. Wannan ya dasa wa iyaye da ƴaƴa wani imani wanda har gobe bai mutu ba, cewa ƙarshen karatu shi ne biro da tebur da albashin ƙarshen wata. Da farashin uraniyum ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatin Janar Seini Kunce ta shiga hannun Asusun ba da Lamuni na Duniya, FMI, a 1983, sannan aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu: aka taƙaita ɗaukar ma'aikata, aka sayar da wasu kamfanonin gwamnati, aka rufe wasu, babban bankin raya ƙasa na BDRN ya durƙushe a 1990. Ɗaliban da suka doshi gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, aka harbe uku daga cikinsu, ba don jam'iyyu kaɗai suka fito ba. Sun ga ana rufe ƙofar da yayyensu suka shiga ta cikinta. Taron Ƙasa na 1991 ya kawo ƴancin magana da na zaɓe, amma bai kawo albashi ba. Ma'aikatan gwamnati na lokacin, da ba su wuce wajen dubu 40 ba, sun shafe waɗannan shekaru suna bin bashin albashin watanni, ga kuma karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, wadda ta raba kuɗin aljihun kowa biyu cikin dare ɗaya.

Daga wannan zamani ne aka gaji wata dabara da ta zame wa ƙasa ƙarfen ƙafa, wato aikin gwamnati ba tare da matsayin ma'aikacin gwamnati ba. A ƙarshen shekarun 1990 aka fara ɗaukar malaman sa-kai, daga baya aka raɗa musu suna ƴan kwantaragi, har ya zama cikin shekarun 2010 su ne akasarin masu koyarwa a makarantun firamare. Aiki ɗaya da na malami cikakke, alli ɗaya, aji ɗaya na zana mai yara saba'in, amma ladan bai kai ba, kuma yana zuwa a makare. Da yawa sun shiga aikin ne don babu wani, suna riƙe da alli da hannu ɗaya, ɗayan yana laluben mafita. Da aka yi musu jarrabawar tantancewa a 2017 aka sallami dubbai, sai aka yi ta mamakin raunin iliminsu, kamar ba gwamnatocin da suka ɗauke su a kan araha ba ne ke mamakin. Haka bautar ƙasa ta shekara biyu, wadda aka ƙirƙiro don matashi ya biya ƙasa ladan karatu, ta koma wani ɗakin jira da masu digiri ke neman alfarma kafin su samu shiga.

Ana cikin haka yawan jama'a bai tsaya jiran kowa ba. Ƙidayar 1988 ta samu mutum miliyan 7 da ɗoriya, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 miliyan 17, ƙiyasin baya-bayan nan kuwa ya haura miliyan 25. Kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Ko an yi rowar lissafi, matasa wajen rabin miliyan ne ke isa shekarun neman na kansu kowace shekara. Jami'ar gwamnati ɗaya ce a Yamai har zuwa 2010, lokacin da aka buɗe na Maraɗi da Damagaram da Tawa, sannan a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Babu mai hankalin da zai yi baƙin ciki da yawan jami'o'i. Amma an faɗaɗa ƙofar shiga ba a taɓa ta fita ba, kuma har yanzu akasarin abin da ake koyarwa yana shirya yaro ne ga biron da babu shi, alhali mai neman ƙwararren mai gyaran famfon tuƙa-tuƙa na hasken rana, ko mai haɗa wayar kuran ta gini, ko birkila mai iya karanta zanen gida, sau da yawa sai ya ɗauko ɗan Togo ko ɗan Benin.

Magabata za su ce tattalin arziki yana bunƙasa, kuma suna da alƙalumman da za su nuna. A 2022 arzikin ƙasa ya ƙaru da fiye da kashi 11 cikin ɗari, albarkacin kyakkyawar damina bayan mummunar ta 2021 da kuma manyan gine-gine. A 2023, shekarar juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin CEDEAO, ya faɗo zuwa wajen kashi 2, wato ƙasa da yadda jama'a ke ƙaruwa, ma'ana rabon kowane ɗan ƙasa raguwa ya yi. A 2024 ya sake haura kashi 8. Amma mene ne ya ɗaga shi? Man fetur. Bututun da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, wanda aka tsara ya ɗauki ganga 90,000 a rana, ya fara cika jirgin ruwa a watan Mayun 2024. Lokacin shimfiɗa shi an ɗauki lebura da direbobi da masu walda, kuma da aikin ya ƙare aka sallame su. Bututu ba ya bukatar ɗan dako. Man yana bi ta ƙarƙashin ƙasa, ya wuce ƙauyuka ba tare da ya sayi ko tuwon mai tuwo ba. Wani kaso na kuɗinsa ma an riga an ci shi tun bai fito ba, tun da a watan Afrilun 2024 gwamnati ta karɓi dalar Amurka miliyan 400 daga kamfanin CNPC a matsayin bashin da za a biya da man.

A watan Maris na 2025 hukumomi sun kori manyan jami'an China uku na kamfanonin mai, kuma cikin dalilan da aka bayar har da ratar da ke tsakanin albashin baƙi da na ƴan ƙasa. Koken yana kan hanya, ya kuma daɗe ana yin sa tun buɗe matatar SORAZ a 2011. Sai dai ko da an wayi gari kowace kujera a Agadem da matatar da bututun ta koma hannun ɗan Nijar, ƴan dubbai ne za su zauna a kansu. Uraniyum ya riga ya koyar da wannan darasi. Kamfanin COMINAK ya shafe fiye da shekara 40 yana haƙa a Akuta, kuma ranar da ya rufe, 31 ga Maris 2021, ma'aikatansa na dindindin wajen 600 ne, ban da na ƴan kwangila. Mahaƙar Imuraren, wadda aka yi ta yi wa matasan arewa romon baka da ita tun 2009, an kwantar da aikinta a 2014, aka ƙwace lasisinta daga kamfanin Orano a watan Yunin 2024. SOMAIR ta koma mallakar ƙasa a watan Yunin 2025. Mallakar arzikin ƙarƙashin ƙasa magana ce ta mutunci da ta baitulmali, kuma tana da muhimmancinta. Amma duk wanda ya ce wa saurayin fada ita ce za ta ba shi aiki, ganin kitse yake sa shi yi wa rogo.

Ina aikin yake, in ba a rami ba? Yana bisa hanya, yana bakin iyaka, yana kasuwa. Maraɗi ba da ma'adini ta zama Maraɗi ba. Da gyaɗa ta fara, sannan da fatauci tsakaninta da Katsina da Kano. Mota ɗaya ta kaya da ta taso daga Kwatano ta ratsa Gaya ta sauke a Maraɗi ko Ƙwanni tana ciyar da direba da yaran mota, da mai fitar da takardun duwan, da ƴan dako, da mai gadin sito, da bakanike, da mai faci, da mai abinci a tasha, da dillali, da ɗan canji, kowannensu kuma da bakuna a bayansa. Waɗannan ayyuka ba sa cikin kundin kowace ma'aikata, don haka in sun mutu ba a yi musu zaman makoki. Kuma cikin ƴan shekarun nan an yi ta kashe su ɗaya bayan ɗaya. Najeriya ta rufe iyakokinta daga watan Agustan 2019 har Disambar 2020. Ranar 29 ga Mayun 2023 shugaba Tinubu ya janye tallafin man fetur, sai sana'ar ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da esansi cikin kwalabe a bakin titi, ta shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Sana'a ce ta fasa-ƙwauri, babu mai musu, amma dubban gidaje a Damagaram da Maraɗi da Tawa da ita suke ɗora tukunya, kuma sai da ƙarancin mai na watan Maris 2025 ya zo aka gane irin nauyin da take ɗauke wa ƙasa. Faɗuwar darajar naira daga watan Yunin 2023 ta sa ragon Nijar da wakenta sun yi wa ɗan kasuwar Najeriya tsada, makiyayi ya kai dabba kasuwar iyaka ya komo da ita ko ya sayar da asara.

Sannan takunkumi ya zo ranar 30 ga Yulin 2023. Najeriya, wadda a lokacin take ba da wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar lantarkin da ake sha, ta katse layi, tela da mai walda da mai injin niƙa da mai ƙanƙara suka koma kallon juna. Waɗanda suka ƙaƙaba wannan takunkumi sun ce sojoji suke nufi, amma kan talaka ya faɗa, kuma tarihi ba zai yafe musu ba. To amma an ɗage shi ranar 24 ga Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe cikin watan Maris, ita kuwa gadar Gaya zuwa Malanbil hukumomin Yamai ne da kansu suka bar ta a rufe duk tsawon 2024 har cikin 2025, bisa hujjar tsaro. Kaya suka koma biyowa ta Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, bayan jiran makonni, ga haɗarin hanya, ga ƙarin kuɗin da a ƙarshe mai sayen shinkafa ne ke biya. Gwamnati tana da hakkin auna barazanar da take gani. Amma ƴan ƙasa su ma suna da hakkin a gaya musu abin da matakin ya ci: mutum nawa suka rasa abin yi a Gaya da Doso, shaguna nawa aka rufe, nawa duwan ta yi asara. Ba a taɓa fitowa an faɗi wannan lissafi ba, kuma ƙasar da marasa aikinta ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, ai ba ta da dalilin yin sa.

Akwai kuma wani rukunin da ba a son ambata don kada a ce mutum yana kewar baƙi. Ficewar sojojin Faransa a Disambar 2023 da na Amurka a Satumbar 2024, da korar wasu ƙungiyoyin agaji, da rufe hukumar USAID da gwamnatin Amurka ta yi a 2025, sun tafi da ayyukan direbobi da masu gadi da akantoci da tafintoci da masu dafa abinci, sun bar gidajen haya da otel-otel fayau a Yamai da Agadas. Ana iya goyon bayan ficewar sojojin baƙi ɗari bisa ɗari, a kuma yarda cewa ƙasar da manyan masu ɗaukar ƴan jami'arta aiki su ne ƙungiyoyin agaji tana da ciwon da ya kamata ta ji kunyarsa. Duk da haka direban da aka sallama yana da ƴaƴa a lakkol, kuma taken ƴancin kai ba ya biyan kuɗin haya.

Abin da ya hana tukunyar fashewa tun da daɗewa shi ne tafiya bida. Ƙauyukan Adar sun san Abijan fiye da yadda suka san Yamai, kuma rufin kwano da yawa a jihar Tawa da kuɗin Kodibuwa da na Libiya aka yi shi. Wannan ƙofa ma tana ƙara ƙunci. Faɗuwar Gaddafi a 2011 ta koro ƴan Nijar wajen dubu 200 gida hannu wofi. Aljeriya tana zubar da mutane a hamada kusa da Asamaka, fiye da dubu 30 a shekarar 2024 kaɗai bisa ƙidayar ƙungiyar Alarme Phone Sahara, ƴan Nijar da na wasu ƙasashe. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 da ƙishirwa ta kashe kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance. A watan Nuwamban 2021 ramin zinariya ya rufta a Garin Liman, kusa da Ɗan Isa, ya kashe mutum aƙalla 18. Waɗanda suka shiga wannan rami, bisa ƙa'idar awa ɗaya, dukkansu masu aikin yi ne. A Difa kuwa, dokar ta-ɓaci ta 2015 ta hana hawan babur da cinikin kifi da na tattasai don a toshe wa Boko Haram hanyar samun kuɗi, sai ta toshe wa dubban samari hanyar abinci a daidai lokacin da masu bindiga ke yawo da tayin babur da kuɗin aure. Duk wanda ya kalli fim ɗin da Aisha Maki ta yi a 2021 kan samarin «pale» na unguwar Kara-Kara a Damagaram ya ga abin da ƙarfi ke zama in ya rasa inda za a sa shi.

Ba a rasa hukumomi ba. Akwai ma'aikatar ƙwadago, akwai ANPE mai rajistar masu neman aiki, akwai asusun FAFPA na koyar da sana'a, kuma kowace gwamnati tun daga Taron Ƙasa ta zo da nata shirin samar wa matasa aiki, da taron ƙaddamarwa, da riguna masu tambari. Abin da aka rasa shi ne wanda zai dawo bayan shekara biyu ya ƙidaya nawa ne cikin waɗanda aka raba wa keken ɗinki har yanzu suke ɗinki. Ƙungiyoyin ƙwadago ma suna da nasu laifi: tun zamanin USTN bakinsu na kan albashi da alawus na ƴan tsirarun da suka riga suka shiga, ba a cika jin muryarsu kan miliyoyin da ke waje ba.

Matakin farko ba ya bukatar bashin kowa. Cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, tana da ƙwararrun da za su iya fita sau biyu a shekara, da kaka da kuma tsakiyar rani, su tambayi mutane kwana nawa suka yi aiki da nawa suka samu, a buga sakamakon jiha-jiha, da Faransanci da harsunan ƙasa, ko ya yi wa magabata daɗi ko bai yi ba. In aka yi haka, kowane mataki na siyasa, rufe iyaka ne, ko hana babur, ko sabon haraji kan ƙananan shaguna, zai zo da farashinsa a rubuce. Daga nan ne za a iya yin muhawara ta gaskiya kan inda kuɗin mai ya kamata su tafi. Rijiyar garka ɗaya da famfon hasken rana a Galmi ko Jiratawa tana riƙe magidanci da ƴaƴansa a gida duk tsawon rani, rumbun ajiyar albasa yana hana shi sayar da buhu a wulaƙance lokacin da kasuwa ta cika, kuma madatsar Kandaji, wadda aka aza harsashinta tun 2008, ta ga shugabanni sun zo sun wuce ba ta ba da ruwan noma ba. Ɗan kasuwar da ya yi wa gwamnati kwangila yana bin ta bashi shekara guda ba zai ɗauki ko yaro ɗaya aiki ba, sallamar na hannunsa ma zai yi.

Nan da kaka, da zarar an gama sussuka, motocin safa za su fara cika a tashoshin Tawa da Madawa da Matamaye, samari da ƙunshin kaya a leda, wasu Kano, wasu Abijan, wasu Agadas da abin da ke bayanta. Dillalin tasha ya san adadinsu, domin a kan kowane kai yake karɓar la'ada. Mai garin kowane ƙauye ya san gida nawa aka bar wa mata da tsofaffi. Ma'aikatar ƙwadago ba ta taɓa aika kowa da littafi da alƙalami ya tambaye su ba.